Lamba Sha Bakwai

Ƙarfe shida, kogin Tisza bai gama miƙa ba,
ni Piroska na riga na zura farar riga,
na tura ƙofar ɗakin ƙasa.
Warin dusar katako ne ke min sannu da zuwa.
Ɓeraye arba'in, farare tas,
ido ja kamar ƙwayar rumman,
lamba a wutsiya, ba wanda aka raɗa wa suna.

Mu muka kira amosanin.
Da bakin allura muka yi masa iso,
muka ce ga gaɓɓai nan, sauka.
Bai kuwa yi nawa ba.
Tafin ƙafa ya tashi, ya yi sumul, ya yi zafi,
mai tseren jiya
yau da jan ciki yake isa bakin ruwa.

Dokta Kelemen ya raba kwalabe gida biyu,
rabi da zinariya narke a ciki,
rabi ruwan gishiri tsura.
Ya liƙe sunayen, ya kulle takardar a aljihun tebur
don kada idona ya yi son kai.
Ya ce, "Auna kawai. Ban da fata."

Faɗa da sauƙi.

Uwata Etelka shekara arba'in tana shirya barkono a zare,
jere-jere ja a jikin bangon Szeged.
Yanzu yatsunta sun koma saiwar citta,
cokali ma gardama yake mata.
Bara maƙeri ya yanke zoben aurenta
don yatsa ya haɗiye shi.
Yana nan a kofin shayi, baki buɗe.
Da na ba ta labarin aikina sai ta yi dariya:
"Zinariyar da ta shaƙe ni
ita ce kuma za ta kwance ni?"

Kowace Talata ina tsoma ƙafa a bututun ruwa,
in duba inda ruwan ya hau, in rubuta.
Na Sha Bakwai yana da tsage a kunne,
ba ya cizo, sai dai ya lafe a tafina,
zuciyarsa na bugun fatata kamar ƙaramin agogo.
Mako na huɗu ruwan ya sauka kaɗan.
Mako na biyar na same shi tsaye da ƙafa biyu
yana shinshinar rufin keji.
Ban gaya wa kowa ba,
amma a tarago ina komawa gida
har waƙa na yi ƙasa-ƙasa.

Ranar da aka buɗe takardar
dusar ƙanƙara ke zuba a tagar sama.
Dokta ya bi layi da alƙalami.
Sha Bakwai: ruwan gishiri.

Na zauna a kan bokitin dusa.

Ya ce kar in karaya, lissafi ba ya duban ɗaya.
Masu zinariya, in an haɗa su, kumburi ya ragu,
sai dai shida cikinsu fitsari ya tona asiri,
ƙoda ta biya bashin da gwiwa ta ci.
Za a rage awo, a sake daga farko,
sababbi arba'in na zuwa ran Litinin.

Abin da ya rage na yi shi da hannuna,
a hankali, ɗaya bayan ɗaya,
yadda takarda ta ce, ba tare da wahala ba.
Shi na bari ƙarshe.

Da dare uwata ta tambaya, "To, ɓerayenki sun ce me?"
Na ce sun ce a dakata.
Ta miƙo min hannu, maɓallin wuyanta ya ƙi fita.
Na durƙusa na ɓalle mata,
yatsuna har yanzu suna warin sabulun ɗakin ƙasa.